Giɓin Kellu

Tun da Kellu ta faɗo daga kabu-kabu a bakin kasuwar Zango, ba a ƙara jin dariya a gidansu ba. Haƙori ɗaya ne ya fita, na sama, na gaba, amma Inna Fanta ta ɗauki abin kamar an yi mata mutuwa. Saura mako shida a ɗaura auren 'yarta da Khalid, malamin lakwal, wato makarantar boko, a garin Droum, yaron da tun ranar da ya fara ganin Kellu ya ce wushiryarta ce ta hana shi barci.

Lokotoro, wato likitan haƙori, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce akwai abin da suke kira birij: a ɗan goge haƙoran nan biyu na gefen giɓin, a ƙera uku a haɗe, a kafa su a kai, na tsakiya ya zauna kamar gada. Sai dai dasashi ya warke tukuna, wata biyu ko fiye. Kuma da yake a haɗe suke, wushirya ta tafi ke nan har abada.

Wata biyu! Ga Gwaggo Husaina, yayar mahaifin Khalid, za ta taso daga Mirriya ranar Juma'a ganin amarya. Matar da ko ƙuda ya gifta sai ta faɗi aibinsa.

Inna Fanta ba ta zauna ba. Ta samo wani mai sa haƙorin Makka a kasuwa, wanda ya rantse kafin la'asar zai toshe giɓin da zinariya. Kellu ta ce ita ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba, ba za ta yi yawo da bakin hajiya ba, kuma ba mai taɓa mata ciwo ɗanye. Uwar ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira ta mai kunnen ƙashi. Daga baya ta sauko da wata dabarar: ai amarya kunya aka san ta da ita. In Gwaggo ta zo, Kellu ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai, ta amsa gaisuwa ƙasa-ƙasa. Wa zai ce ta buɗe?

Kellu ta tashi ta shige ɗaki. Ta ji zafin faɗuwa, yanzu kuma a mayar da ita kayan da ake ɓoye wa mai saye lahaninsa?

Ranar Juma'a Gwaggo Husaina ta zauna a kan darduma, tana yaba natsuwar yarinya. Inna Fanta har ta fara sakin ajiyar zuciya. Sai Kellu ta ɗago kai, ta sauke mayafin, ta yi murmushi har kunne.

— Gwaggo, ki dube ni da kyau. Haka nake yanzu. Gara ki gani a gidanmu da ki gani a gidanku.

Tsohuwa ta yi salati, ta tafa hannu. Ta ce ɗansu saurayi sabo fil ba zai kai musu mai giɓi cikin dangi a yi ta yi musu waƙa ba. Ko a ɗaga biki har a gyara baki, ko a bar maganar. Ko furar da aka dama mata ba ta taɓa ba, ta saɓa gyale ta fita.

Kwana biyu Inna Fanta ba ta amsa gaisuwar Kellu ba. Kellu ta yi kuka a ɗaki, don tana son Khalid kamar ranta, kuma tana tsoron ta rasa shi. Duk da haka ba ta aika an ba kowa haƙuri ba.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga Khalid a zaure, ƙurar hanyar Droum har gira. Kellu ta fito ba mayafi a baki. Ta gaya masa komai, har da cewa ko an sa birij ɗin, wushiryar da yake yi wa kirari ba za ta dawo ba. Idan wushiryar ya biyo, ƙofa a buɗe take, yana iya tafiya.

Khalid ya dube ta, ya ce:

— Kellu, wushirya ce ta kira ni, gaskiya ne. Amma wadda ta sauke mayafi a gaban Gwaggo Husaina, ita nake so ta haifa mini 'ya'ya.

Daga nan Mirriya ya wuce. Ya durƙusa gaban gwaggonsa, ya ce ranar da manya suka sa ba za ta motsa ba. Mahaifinsa ya goya masa baya, ya ce yarinyar da ba ta ɓoye bakinta ba, ba za ta ɓoye cikinta ba.

Aka yi biki da giɓi. A hotunan duka Kellu ce ta fi kowa buɗe baki.

Bayan wata uku mijinta ya raka ta wurin lokotoro. Da aka miƙa mata madubi ta ga haƙora jere reras, ba giɓi, ba wushirya, sai hawaye. Khalid ya ce ta share, shi ya riga ya ga dariyarta iri uku, kuma duk nasa ne.

'Yan mata, ku ji da kyau: haƙori in ya fita ana yi masa gada a haye. Amana in ta karye a ranar farko, babu lokotoron da ke ɗora ta.