Farashin Mota Mai Ɗaki

"Rumasa'u, sauko daga kan motar nan. Mutane na kallonki," in ji Yayana.

Ban sauko ba.

Na tattare zanena da hannu ɗaya, na sa dunduniya na danna rufin. Ya lotsa kamar burodi.

Maza uku ne a ƙasa suka ɗaga kai suna kallona. Yayana Jafaru, wanda nake zaune a gidansa tun da na zo Greensboro ta Amurka karatun jinya. Abokinsa Surajo, mai sayar da motoci na hannu a filin nan. Sai Muntari, wanda zuciyata ta riga ta zaɓa.

"Ruwa ya gama cin rufin nan," na ce. "Fentin silin ɗin ciki ma ko sati bai yi ba. Me aka rufe da shi, Malam Surajo?"

Surajo ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

"Ikon Allah. Yaushe nas ta koma makanike?"

"Tun ina shekara bakwai nake miƙa wa Baba sifana a garejinsa na Gusau. Tambayi Yaya."

Muntari ya mayar da cek ɗinsa aljihu, ya riƙe mini tsani har na sauko.

A shekarar 1984 ke nan. Muntari ya gama digirinsa kan ƙasar noma, ya sami aikin zagaya gonaki yana auna ƙasa, daga duwatsun yamma har bakin teku, tsawon shekara uku. Maimakon kama haya a kowane gari, sai ya yanke shawarar sayen mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki. Da Surajo ya ji, shi ya fara rugowa da tayin taimako. Dala dubu tara ya sa wa ruɓaɓɓiyar motar, kusan duk abin da Muntari ya tara. Ni kuwa na san dalili, domin sau biyu Surajo yana aiko mini da turare ina mayar masa.

Na zaci abin da ya faru zai buɗe wa Yaya ido. Ashe ba haka ba.

"Kin ga irinta ko?" ya ce muna hanyar gida. "Mutumin da sai mace ta hau rufi kafin ya gane mota. Shi zan gaya wa Baba ya ba ki?"

"Yaya, abokinka ne fa ya so cutarsa."

"Surajo ya ce bai san da zancen rufin ba. Kuma gida gare shi a Sedgefield, mai ƙofa da katanga. Ƙanwata ba za ta riƙa kwana a gefen titi ba. Ran Lahadi zan kira Baba."

Maganar Yaya ita ce maganar Baba, na san wannan.

"Ka ba ni zuwa Asabar," na ce. "Ka raka mu sau ɗaya tak."

Bai dai ce a'a ba.

Da yamma Muntari ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye.

"Ruma, ko in bar aikin nan? In nemi wani a cikin gari, ko na wankin kwanuka ne..."

"Kar ka soma."

"Ba na son in rasa ki, farin cikina."

"Ba za ka rasa ni ba. Ka sayo jaridar gobe, mu duba shafin talla."

Ran Asabar da hantsi muka isa Summerfield duba wata mota da muka gani a jarida, Yaya na tuƙi fuska a ɗaure. Gidan yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa, dawaki biyu na kiwo a bayan shinge. Wata tsohuwar Baturiya, Misis Coble, ta fito ta buɗe mana rumfar da motar take. Ta mijinta ce, in ji ta, ya rasu bara.

Na yi kusan awa ina dubawa. Na ja ma'aunin mai na murza a yatsa, tsaf. Na kwanta a ƙasa na leƙa ƙarfen gindi, babu tsatsa. Na kunna janareta, na buɗe famfo, na shinshina kowane kabad ko zan ji warin danshi. Injin ya tashi bugu ɗaya. Tayoyi ne kawai suka tsufa, sai birki da ke son gyara.

"Nawa kike so, Mama?" Muntari ya tambaye ta da Turanci.

"Dubu uku da ɗari biyar... in bai yi yawa ba."

Yaya ya matso kusa da shi, ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa.

"Rubuta mata yanzu, kafin ta farka."

Muntari ya juyo ya dube ni.

"Ruma, tsakaninki da Allah, nawa ne kuɗinta?"

Na tuna sadaki, na tuna kayan ɗaki, na tuna tikitin jirgin da muke son aika wa Innata. Amma idonsa na kaina.

"In aka cire kuɗin tayoyi da birki, dubu shida."

Ya juya ya faɗa wa tsohuwar haka, kalma da kalma.

Ta dafa jikin motar, ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba.

"Ɗana, wani dillali ya zo ran Talata. Ya ce injin ya kusa mutuwa, ko dubu uku in na samu in gode. Na yarda da shi, ni me na sani? Mijina ne ke kula da ita."

Ta ciro ɗan kati daga aljihun rigarta ta miƙo. Yaya ne ya karɓa. Na ga fuskarsa ta canza, ya juya katin, ya sake juyawa. Sunan Surajo ne a jiki.

Daga nan aka yi cinikin da ban taɓa ganin irinsa ba. Mai saye na ƙarawa, mai sayarwa na ragewa.

"Dubu huɗu da ɗari biyar," in ji ta.

"Shida, Mama."

"Kai yaro ne mai taurin kai. Aure za ku yi?"

Muntari ya saci kallon Yaya.

"In an ba ni."

"To, biyar da ɗari biyar, sauran gudummawata ce. Ka ƙara ko sisi in rufe rumfata."

A haka aka tsaya. Ta share hawaye, ta shiga gida ta ɗauko makulli da littafin da mijinta ke rubuta ranar kowane juyen mai.

Ni da Yaya muka yi gaba har bakin titi. Can ya tsayar da motarsa, ya fita, ya taka zuwa tagar Muntari da ke biye da mu a motar da ya saya. Na sauke gilashi ina saurare.

"Ni na ce ka cuce ta, kai ka ƙi," Yaya ya ce. "Na ji kunya, wallahi. Wanda ya kasa cutar tsohuwar da bai sani ba, ba zai cuci ƙanwata ba. Ka gaya wa manyanka su je Gusau."

Na kifa fuska a tafin hannu, kuka da dariya suka haɗe mini.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Gusau, mu kuma muka yi walima a bayan gidan Yaya. Misis Coble ta zo da kek, ta ci tuwo da cokali. Surajo bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Washegari muka kama hanyar duwatsu. Ni ke tuƙi, ango na gefe da taswira a cinya, tukwanena na ƙara a kabad duk kwanar da muka sha. Bayan awa uku kwalta ta ƙare, muka tsinci kanmu tsakanin gonakin taba, ba gida ba mutum.

Muntari ya juya taswirar sama, ya juya ta ƙasa.

"Amaryata... ina jin fa mun ɓata."

Na kashe injin, na cire takalmi, na taka zuwa kicin na ɗora ruwan shayi.

"Wa ya taɓa ɓata yana cikin gidansa?" na ce. "Miƙo mini kofi biyu."