Jita Ɗaya Ce, Ba Biyu Ba

Ranar wata Laraba Afra ta kai wa mahaifinta, Malam Magaji, abincin rana shagonsa na kafinta da ke bakin titin Wudil, ta tarar ya tafi masallaci. Tana ajiye kwanon sai ga wani saurayi ya tsaya da babur, rungume da jitar kiɗa wadda wuyanta ya rabu da jikinta.

Ya yi sallama, ta amsa tana kallon ƙasa.

"Malam Magaji nake nema. Mara lafiya na kawo masa."

Afra ba mai yawan magana ba ce, amma a cikin katako ta girma. Ta saci kallon jitar, kafin ta ankara bakinta ya suɓuce.

"Ko an sa gam ba zai riƙe ba. Katakon ya tsage tun daga ciki."

"Ashe likitar tana nan," ya ce yana murmushi.

Sunansa Ubaidullah, malamin gona ne mai zaga ƙauyuka. Da ya lura manoma na gyangyaɗi idan yana bayani, sai ya mayar da darasin waƙa. Jitar kuwa daga bayan babur ta faɗo a hanyar Lajawa.

Bai jira Malam ba, tunda likita ta riga ta yanke hukunci. Amma bai tafi ba sai da ta rubuta masa lambarta a guntun katakon filawud.

Bayan kwana uku hotuna suka shigo wayarta daga wata kasuwa a Kano.

"Likitar katako, ga uku. Baƙar nan mai ƙyalli ta shiga raina."

Ta daɗe tana duba su kafin ta amsa.

"Ƙyallin fenti ne kawai, Yaya Ubaidu. Ta cika girma, za ta dame ka a kan babur. Ɗauki ƙaramar, mai jikin filawud. Ba ta tsagewa da zafin bazara, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Ka duba wuyan, ya zama a miƙe. Ka haɗa da jaka mai soso."

"To idan muryarta ba daɗi fa?"

"Kai ka yi mata daɗin."

Tana turawa ta kifa wayar a kan katifa, ta rufe fuska da mayafi.

"Na saya," ya rubuto. "Ƙarama, mai juriya, ba ta da hayaniya. Irinta nake nema a gida ma."

Ba ta amsa wannan ba sai washegari, shi ma da kalma ɗaya: "To."

Bayan damina ya turo manyansa neman izini. Malam Magaji ya ce a ba shi sati biyu ya yi bincike, ya ɗora aikin a kan yayarsa, Gwaggo Talatu, wadda ke da ƙawaye a kowace unguwa. Ita kuwa ta kira wata tsohuwar aminiyarta a Dagumawa, garin su Ubaidullah, ga layi na yankewa, ga kunnen Gwaggo ya fara nauyi.

Da la'asar ta shigo gidan tana tafa hannu.

"Magaji, ka rufa mana asiri. An ce yaron nan ba shi da aiki sai yawo da jita-jita ƙauye-ƙauye. Har taruwa ake yi ana saurarensa."

Fuskar Malam ta canza. "Mai yawo da zancen mutane? Ba zai shigo zuri'ata ba. Gobe zan aika musu su haƙura."

Afra na bakin murhu, ta ji komai. Tunda take ba ta taɓa ambaton sunan saurayi a gaban mahaifinta ba. Ta so Umma ta yi magana a madadinta, amma Umma ba ta taɓa ganin jita ba balle ta gyara zancen. Idan aiken nan ya tafi gobe, shi ke nan.

Da safe ta kai masa koko. Ta durƙusa, ta kasa tashi.

"Lafiya, Afra?"

"Baba..." Muryarta kamar ba tata ba. "Jita ɗaya ce, ba biyu ba."

"Me kika ce?"

"Abin kiɗa ne, mai tsirkiya shida. Da katako ake yin ta."

Malam ya ajiye cokali. Gwaggo, wadda ta kwana a gidan, ta leƙo daga ɗaki.

"To ai gara ma gulmar. Maroƙi za mu ba 'ya?"

"Ba ya roƙo, Gwaggo. Koyarwa yake."

"A ce ya zo da ita," in ji Malam.

Ubaidullah ya zo shago bayan azahar. Bayan doguwar gaisuwa, Malam ya karɓi jitar, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya kanne ido ɗaya ya bi wuyan da kallo.

"Wata nawa tana bin ka a babur?"

"Biyar, Baba."

"Ba ta motsa ba. Wa ya zaɓa maka?"

Ubaidullah ya sosa ƙeya. Malam ya kalli ƙofar baya, inda gefen mayafi ya yi saurin ɓuya.

"Na gane aikin. To mu ji jita-jitar."

Ya rera waƙar adana wake: a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhu mai leda biyu, a ɗaure baki tam, ba sai an barbaɗa guba ba. Kafin ya gama, mai shayi da masu faci sun cika bakin shagon.

Malam ya gyara hula. "Bara rabin wakena ƙwari suka cinye. Ina kake lokacin?"

Ranar Asabar ta farko bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Gado da kujerun amarya Malam ne ya yi su da hannunsa, bai yarda wani ya buga ko ƙusa ɗaya ba.

Da za a tafi da ita, ya dafa kanta.

"Ranar nan da kin yi shiru, da na yi asarar suruki. Ki riƙa magana, Afra, ko kaɗan ce. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Ta ɗago daga cikin lulluɓi, hawaye na bin kumatunta, ta ce amin yadda duk waɗanda ke tsakar gidan suka ji.