Allon Kantin Alhaji Maitama

Abdulƙahar yana saman tsani yana rubuta allon kantin Alhaji Maitama a unguwar Louis ta birnin Libreville, sai ya ji murya daga ƙasa.

"Malam, haruffan nan sun cushe. Ka ba su wuri su sha iska mana."

Ya leƙo. Lailatu ce, 'yar Alhajin, wadda ke zana wa teloli adon wuyan riga. Ya so ya yi musu, amma da ya sauko ya hango allon daga tsallaken titi, sai ya goge layin gaba ɗaya.

A shekarun nan arzikin fetur ya cika Libreville, kullum sabon kanti, kowane kanti kuma yana neman allo. Shi ya sa ya ajiye aikin akawu a wani kamfanin katako na garin Owendo, ya kama buroshi. Daga ranar da Lailatu ta yi masa gyaran nan, ba ya kai fenti jikin katako sai ya nuna mata zanen. Tana ce masa Mai Fenti, yana ce mata Malamata.

Da ya aika manya neman aurenta, Alhaji ya ƙi.

"Wanda ya bar ofis ya hau tsani, gobe me zai bari? 'Yata?"

Ga kuma Ɗanlaraba, ɗan kwangila mai mota daga unguwar Batterie IV, yana ta zarya wurinta.

Abdulƙahar bai shawarci kowa ba, ya koma Owendo ya roƙi tsohon aikinsa. Aka ce ya fara ranar Litinin. Da labarin ya kai wa Lailatu, ta daina fitowa zance. Shi kuwa ya ɗauka motar ce ta yi nasara.

Ya tare ta a bakin shagon tela.

"Malamata, in shi kika zaɓa, ki faɗa mini da bakinki."

"Wa ya yi maganarsa? Kai ne ka ba ni kunya. In ka koma ofis saboda ni, duk safiyar da ka ɗaura agogo ni za ka riƙa jin haushi."

"To Baba fa?"

"Baba tsoron mai gudu yake. Ka tsaya wuri ɗaya ya gani."

Bai je ranar Litinin ba. Ya kama rumfa daura da kantin Alhaji, yana buɗewa tun kafin kantin ya buɗe. Damina ta zo ta wuce, Alhaji yana kallonsa ta taga. Inna Mairamou, mahaifiyar Lailatu, ita ta ƙarasa aikin.

"Alhaji, kai ma fa gona ka bari a Kano ka zo nan da buhun goro."

Aka ɗaura aure bayan Sallar layya. Da ango ya durƙusa gaisuwa, Alhaji ya daɗe riƙe da hannunsa.

"Na so in ga ka gaji, ka ƙi gajiya. Ga ta nan. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya yi wa sana'arku albarka."