Tabon Ƙirjin Corinne

Wata huɗu ke nan da aka cire wa Corinne nonon hagu saboda ciwon daji, kuma wata huɗu ke nan matarta Odessa na kwana a kan kujerar falo. Shekara goma sha ɗaya da aurensu a garin Duluth, ko faɗa suka yi gado ɗaya suke kwana, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Yanzu kuwa daga "sannu" sai "ga maganinki". Corinne ba ta jin haushi, ba ta jin daɗi. Tana nan dai.

Mahaifiyarta Jolene, wadda ta zo jinya daga garin Fargo, ita ta sami bakin magana. Ran nan tana juya miya ta ce ita fa ba ta ga abin da ya rage ba. Miji da mata ko sha'awa ta mutu akwai 'ya'ya a tsakani, su kuwa abu guda ya haɗa su, ga shi likita ya datse shi.

"Tattara mu tafi gida, 'yar nan. Wanda ya daina taɓa ka ai ya gama da kai."

Corinne ta ce to, kamar an tambaye ta ko a ƙara gishiri.

Ranar Lahadi da safe Jolene ta tafi coci. Odessa ta leƙo ɗaki ta tarar da akwati a buɗe, ta tsaya bakin ƙofa hannuwanta cikin aljihu.

"Ƙyamata kike yi, ko?" in ji Corinne, tana naɗe safa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni? Ke da kika aiko a ce kada in matso?"

Ashe ranar da aka sallamo su daga asibiti, Odessa ta rungume ta, robar da ke zuƙe ruwan ciwon ta fizgu, Corinne ta ƙwalla ƙara. Jolene ta ja Odessa gefe ta ce wai Corinne ta ce ta bar mata ɗakin har sai ta kira ta, alhali Corinne ba ta faɗi haka ba. Odessa baiwar Allah, macen da ke tuƙa motar kwashe ƙanƙara daga titi ba ta tsoron kowa, sai ga ta zaune jiran kira wata huɗu cur! Wani haƙurin dai da wauta yake tafe.

Corinne ta ajiye safar. Ta ɓalle maɓallan rigarta. Odessa ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, sannan ta ɗora ɗaya kan tabon.

"Da zafi?"

"Ba na jin komai a wurin. Sun yanke jijiyoyin."

Odessa ta fara janye hannu, Corinne ta damƙe shi.

"Bar shi a nan."

Sai hawaye suka zubo wa Corinne, na farko tun ranar tiyatar.

To, masu cewa haɗuwar jiki ta haihuwa ce kaɗai, rabin zancen suka sani. Akwai maganar da baki ba ya iya faɗa sai hannu: ina nan, ban guje ki ba. Kuma masu gado ɗaya kada su yarda wani ya zama ɗan aike tsakaninsu, ko da uwa ce.

Da Jolene ta dawo ta ɗaga murya daga falo ta tambaya ko an gama haɗa kaya.

"Mama, naki ne a bakin ƙofa," in ji Corinne. "Odessa za ta kai ki tasha."