Kwalbatin Jurandir

Rana ta yi ja a bayan garken shanu, Jurandir da matarsa Zenaide suna baranda suna miƙa wa juna ƙahon tereré, shayin ganye mai sanyi da ake sha a yankinsu, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon gidan. Ɗaya, can kuma wata. Jurandir ya tsinci guda, ya ji ta da ɗumi, baƙa ƙirin da kwalta. Tsakuwar sabon titi ce, titin da ke da nisan kilomita tara daga gidan. Ya san ta sarai, domin shi ya yi awon hanyar.

Kwana bakwai ana jifan nan kowace magariba. Daga baya aka fara jin ƙarar birki a ɗakin girki, sai wani abu ya faɗi tim, sai shiru. A rana ta takwas Luzinete, 'yarsu tilo mai shekara goma sha shida, ta saki kwanon wake ta durƙusa. Ta naɗe yatsu, ta kama tafiya a kan gaɓoɓin hannu irin ta dabgi, tana gyara baya kamar mai goyo, ta nufi hanyar titi. Da ƙyar suka riƙe ta.

Asibiti suka ce lafiyarta lau. Zenaide ta je ta ɗauko Dona Genoveva, wata tsohuwa mai tofi, ta zo da reshen ganye da kofin ruwa. Ta yayyafa wa yarinyar, ta daɗe tana addu'a ƙasa-ƙasa.

"Wa ke nan?" in ji tsohuwar.

"Makiyayiya ce," wata murya mai kauri ta amsa daga bakin Luzinete. "Namun dajin nan garkena ne. Ba da yarinya nake ba, da wancan mai tsabtataccen takalmi nake."

Jurandir ya sunkuyar da kai, don ya san zancen. A tsarin titin an yi tanadin kwalbati guda, babba, da dabbobi za su riƙa bi ta ƙarƙashi, shi aka ba zaɓen wurin. Ya je da rana tsaka, ya ga sawun dabbobin ya gangara cikin fadama, taɓo har gwiwa. Gogan naka sai ya ƙara gaba mita ɗari huɗu, ya kafa turke a tsandauri. Kwalbati ya yi kyau, har hoto aka ɗauka. Ko ɓera bai taɓa bi ta ciki ba.

"Tun kakannin kakanninku ta fadamar nan muke wucewa," in ji muryar. "Damina biyu, uwa ɗari da goma sha huɗu motoci suka take, da goyonsu a baya. Naku in ya mutu a titi ku kafa masa gicciye, ku jera fure. Nawa kuwa sai ungulu."

"Yanzu me kike so, baiwar Allah?" in ji Dona Genoveva.

"Ya haƙa mini ƙofa inda sawuna yake. In ba haka ba, 'yarsa ta tsallaka yadda nawa suke tsallakawa."

"Ba a hannuna yake ba!" Jurandir ya fashe da kuka. "Ofis ya riga ya sa hannu, an rufe aikin!"

Tsohuwa ta yi ta lallashi har duhu ya fara shiga, sannan aka daidaita. Kafin a haƙa, kowace magariba Jurandir zai tsaya a bakin fadama da jar tuta, ya tare manyan motoci har garke ya haye. Muryar ta ce ta yarda, amma ba fashi. Luzinete ta yi atishawa, ta ce ƙishirwa take ji.

Jurandir ya rubuta wa ofis takarda goma sha ɗaya. A shekara ta uku suka aiko da allo mai hoton dabgi, aka kafa, sai ka ce dabgi ya yi makaranta. Direbobin motocin waken suya suna wucewa suna yi masa ihu: "Kauce, mahaukacin tsoho, ko kai ma dabgin ne?" Abin da ciwo. Mutumin da bai yarda taɓo ya taɓa takalminsa sau ɗaya ba, ya shekara tara a cikinsa.

Bara zazzaɓi ya kayar da shi, magariba ta yi yana kwance bai san inda kansa yake ba. Luzinete, wadda ta yi aure har ta haihu, ta zo duba shi. Zenaide ta fito da shayi, ta tarar da ƙofa a buɗe, tsakuwa mai ɗumi a kan tebur. Can ta hango 'yarta a kan gaɓoɓin hannu ta miƙi hanyar titi, jaririn maƙale a bayanta.

Ba ta bi ta ba. Ta koma ɗaki ta finciki mijinta daga gado, ta damƙa masa tutar.

"Tashi, Jurandir," ta ce. "Garke ya taho."