Shuɗin Kwali a Motar Ermal

"Me kayana suke yi a kan matakala?"

Abin da bakina ya iya furtawa ke nan da na dawo daga sayen burodi. Akwatunana biyu, ƴar tukunyar kofina, bargon da Mami ta saƙa min, har da silifas ɗin wankana, duk an jibge su a bakin ƙofa. Suela, mai gidan da nake haya, na tsaye da makulli a hannu, ta sha jan baki da sassafe kamar mai zuwa biki.

"Yau ɗaya ga Yuni, Brikena."

"Na san kwanan wata!"

"To baƙi sun iso. Ƴan Poland ne, mata da miji da yara biyu. Ƙarfe sha biyu za su shiga."

"Ke da bakinki kika ce in zauna har sai na gaji..."

"Haba zuciyata!" Ta ja kalmar tana murmushi. "Wa ke zama a bakin teku lokacin zafi da kuɗin hayar sanyi? Ko jaririn Durrës ya san wannan. Laifina ne da kika tashi a Tirana?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma raina ya ƙara ƙuna. A unguwar Plazh, daga Satumba zuwa Mayu ɗaki araha ne, amma da zafi ya shigo sai a kori ɗan haya a saka masu yawon shaƙatawa. Na tambaye ta tun ranar farko, ta dafa ƙirji ta ce ni ban da ni. Babu takarda, magana ce kawai, ni kuma sakarya na yarda. Ta bari sai ranar da ko kejin kaza ba za a samu haya ba a duk gaɓar, sannan ta tuna da al'ada.

Kuma na san dalili. Dalilin yana da suna, yana da farar ƙaramar bas, sunansa Ermal.

Layinsu ɗaya da Suela tun suna yara. Babanta da ke Italiya har sabuwar mota ya yi masa alkawari in ya aure ta. Ermal ya ce tsohuwar motarsa ta ishe shi. Sai ga ni, wata Asabar na zo ganin teku na shiga motarsa, na yi barci har aka wuce inda zan sauka, ya tashe ni yana dariya. Daga nan komai ya lalace wa Suela.

Ni aikina haɗa haƙoran tangaran ne a wani ɗakin aiki a Tirana. Shekara uku ina tara kuɗi don in sayi tanderun gasa haƙori in buɗe nawa wurin. A gidan Mami ba haya, ba kuɗin mota, ajiyata tana ta girma. Sai na ce zan koma bakin teku.

Ranar Mami har cokali ta jefar.

"Saboda direba?"

"Saboda iska, Mami..."

"Iskar mai gashin baki! Auta ne fa, Brikena. Auta ba ya barin uwarsa, kin sani. Ke ce za ki bi shi, ki ƙare rayuwarki a kan titi, kuɗin tanderunki ya tafi a haya."

Ban ji ba. Wata tara ina tashi ƙarfe biyar, ina shiga motar Ermal ta ƙarfe shida, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa in an ci sa'ar cunkoso. Tekun da na zo dominsa sai ranar Lahadi nake ganinsa da rana. Ajiyata ta daina girma, har ta fara ramewa. Amma kujerar bayan direba tawa ce, kuma kullum akwai burek, gasasshen fanke mai cuku a ciki, da zafinsa a naɗe a takarda yana jirana. Ina sonsa, ina son garin, ba zan ɓoye ba.

Ina zaune a kan akwati ina share hawaye na kira Mami.

Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Ɗakinki na nan yadda kika bar shi. Ki dawo da abin da ya rage miki, tun kafin ya ƙare."

Na kira wurin aiki na ce yau ba ni zuwa. Ƙarfe goma da rabi Ermal ya dawo daga zuwan farko, ya hawo matakala bibbiyu.

"Ina Suela take? Wallahi yau sai..."

"Bar ta."

"Kena, raina, kalle ni. Ki zo gidanmu."

"Da wane suna?"

"Da sunan matata! Gobe ma in kin so!"

"Ba zan yi aure don an watso min kaya ba, Ermal."

"To ni zan koma Tirana."

"Mahaifiyarka Teta Vera fa? Wa zai ɗauko mata magani, wa zai hau mata da itace? Ba zan zama wadda ta raba tsohuwa da autanta ba."

Ya san gaskiya ce.

"Na gaji," na ce. "Na gaji da titi. In na nemi ɗaki da kuɗin zafi, kafin Satumba tanderuna ya tafi. In na koma Tirana, kai ka tafi. Duk inda na juya sai na rasa ɗaya..."

"Wanne kika zaɓa?"

Ban iya kallonsa ba.

"Kai ni gida."

Ya ɗauki akwatunan ya cusa a bayan mota, ya buɗe min gaba, kusa da shi. Ban taɓa shiga motar ƙarfe sha ɗaya ba. Mutanenta daban ne: tsofaffi masu zuwa asibiti, wata mata da kwandon ƴaƴan itacen ceri, wani dattijo mai hular bulo da ya zauna a kujerata.

Ba mu yi nisa ba wata ta tsayar da mu ta miƙo ambulan. Gaba kaɗan wani ya miƙo galan ɗin man zaitun, a kai wa ƴarsa a jami'a. Ermal yana karɓa, yana jefa kuɗin saƙo, lek ɗari biyu, a gwangwani, fuskarsa a ɗaure. Ni kuwa ina kallon teku yana leƙowa tsakanin otal-otal, ina yi masa ban kwana a zuciyata.

Sai wata mata mai farar rigar likita ta ɗaga hannu a bakin wani asibitin haƙori. Ta miƙo shuɗin kwalin roba, Ermal ya ɗora min a cinya ba tare da ya duba ba.

Na dubi kwalin.

Na sake dubawa.

A murfinsa akwai ƴar takarda da ta fara ɓarewa, an rubuta: a gwada kafin a manna. Rubutuna ne. Hannuna ne!

"Ermal... mene ne wannan?"

"Saƙo."

"Na me?"

"Ina na sani? Ba a tambayar saƙo, Kena. Kullum ina kai uku ko huɗu irinsa, wata mata ta karɓa a tasha. Da yamma ta ba ni wasu in dawo da su."

"Tsaya."

"Me?"

"Tsaya na ce!"

Ya taka birki har ceri ya zube. Mai kwandon ta saki salati irin nata, dattijon ya ce, "Yarinya, in haihuwa ce ki faɗa mana!"

Na dire da kwalin a hannu, na bi likitar da gudu kafin ta shige.

"Dakta! Don Allah, ke ce Dakta Kodra?"

"Ni ce. Lafiya?"

Shekara biyu ina ganin sunan nan a takardar aiki. Mai gidanmu na wurin aiki bai taɓa faɗa mana daga ina aiki ke zuwa ba, matarsa ce ke shigo da kwalaye da rana, mu dai mu haɗa. Ashe awon bakin mutanen Durrës ne! Ni ina tafiya a motar ƙarfe shida, aikina yana biyo ni a ta sha ɗaya, da yamma mu dawo tare, ni a kujera, shi a ƙarƙashinta.

"Me ya sa kuke aikawa har Tirana?"

"Mai yi mana ya tafi Jamus, ya kulle shagonsa da kayansa a ciki. Waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa." Ta dube ni, ta dubi murfin. "Dakata... ke ce mai wannan rubutun?"

"Ni ce."

"Ke ce mai dace launi? Yarinya, ni da kaina nake cewa a ba ki aikina! Ina kike zaune?"

Na waiwaya na dubi motar, da akwatunana a baya.

"A yanzu dai... a cikin waccan bas ɗin."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta rubuta min lambar ɗan'uwan mutumin da ya tafi Jamus, ta ce tanderun na nan yana shan ƙura, za su so su rabu da shi. Ta ce su likitoci huɗu ne a unguwar, kuma duk sun gaji da jiran kwana biyar kan abin da za a gama a biyu.

Na koma mota ina haki. Ermal na kallona kamar na zautu.

"Ɗakin nan na ƙasan gidanku, inda marigayi Babanka ke ajiye ragar kamun kifi... an ba baƙi?"

"Wa zai so shi? Tagarsa bango take kallo."

"Akwai wuta? Akwai famfo?"

"Akwai... Kena, me ke faruwa?"

"Maganar da ka yi min ɗazu a matakala. Sake yi."

"Wacce?"

Dattijon ya buga masa hula a ƙeya. "Ta aure mana, shashasha! Ni da ban ji ta ba ma na gane!"

Ermal ya kashe mota a tsakiyar hanya, ana ta yi mana oda ta baya. Idonsa ya cika.

"Za ki aure ni, zuciyata?"

"A Satumba. Da kayana a hannuna, da shagona a buɗe."

Motar ta kaure da tafi. Mai ceri ta bi kujera-kujera tana rabon wanda bai zube ba.

Zafin nan a gidan Mami na yi shi. Na cika wa mai gidanmu na wurin aiki wata guda na sallama, na faɗa masa gaskiya, ya yi ta ƙunƙuni amma ya miƙo min hannu. Abin da ya rage a ajiyata ya sayi tsohon tanderun, da ƙyar, ko kujera bai bar min ba. Ermal ya ciro ɗaya daga motarsa ya kafa min.

Mami ta zo duba wurin da niyyar kushewa. Ta shafa bango, ta murɗa famfo, ta leƙa tanderun. Teta Vera ta sauko da kofi tana magana hannu a baki, don haƙoranta na roba sun yi mata yawa.

"Shekara nawa kina fama da waɗannan?" in ji Mami.

"Bakwai."

Mami ta juyo kaina a fusace. "Kina tsaye? Auna ta mana!"

Shi ne aikina na farko a Durrës. A wurin bikinmu Teta Vera ta ci gasasshen nama har ta nemi ƙari, Mami na gefenta tana faɗa wa kowa cewa ƴarta ce ta yi.

Suela kuwa, mako guda bayan biki na haɗu da ita tana manna takardar neman ɗan haya a jikin fal ɗin wuta. Baƙi sun watse, gidan ya koma kufai.

"Brikena! In kin san mai so, kuɗin sanyi ne..."

"Zan faɗa masa. Har da na Yuni zan faɗa masa."

Yanzu likitoci biyu daga Tirana ma ni suke aiko wa. Ƙarfe shida saura nake raka Ermal bakin mota da shuɗin kwali, in jefa masa ɗari biyunsa a gwangwani.

"Me ke ciki, Madam?"

"Ba a tambayar saƙo, direba."

Sai in tuɓe takalmi in gangara. Yana yin kwana ya danna oda sau biyu, motar ta ɗauki hanyar Tirana da aikina a ciki, ni kuma ina tsaye ruwa na dukan idon sawuna, ina ɗaga masa hannu.