Mai Ɗinkin Hula da Masu Shawara

A wani gari can ƙarshen hanya, an yi wani mai ɗinkin hula. Wata shekara ruwa ya cinye gadar garin, fatake suka daina zuwa. Sai ya sayar da akuyarsa ya sayi waya, don ya riƙa tallar huluna a intanet.

Amma bai san ta inda zai fara ba. Maƙwabcinsa ya ce, "Sai ka sa hoto sau goma a yini." Ya ce to. Ƙaninsa ya ce, "Yaya, an daina yayin hoto, bidiyo ake yi." Ya ce to. Wani a cikin wayar ya ce duk wanda bai buɗe shafi biyar ba ya makara. Nan ma ya ce to.

Ya yi ta latsa waya har kansa ya yi nauyi, idanunsa suka yi ja. Mako uku bai taɓa allura ba. 'Yan hulunan da suka rage kuwa, ya karyar da su don yara su ci tuwo.

Ran nan wata mata ta aiko da saƙo: "Malam, ina son hula biyu, jibi ɗana zai angwance."

Ya leƙa kwandon huluna, wayam. Ya rubuta, "Ki yi haƙuri, Hajiya, babu." Ta nemi wani mai hula.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, gero fa ya ƙare."

Ya kife wayar, ya ɗauko allura. Sai a karo na huɗu zaren ya shiga.